Hukuncin Cinikin Kifin Ado Mai Girma

A manyan biranen Turai da Amurka da Asiya akwai kantunan da ba a sayar da kome a cikinsu sai kifin ado, watau wanda akan ajiye cikin akwatin gilashi don kallo. Cikinsu akwai wani tarwaɗa mai jan wutsiya, ɗan asalin kogin Amazon, wanda akan sayar da shi bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, alhali kuwa idan ya riƙa yakan zarce mita 1. Haka nan kifin faku, shi ma na Amazon, yakan kai nauyin kilo 20. Sau da yawa mai saye ba ya farga sai kifin ya cika akwatin, ya kasa juyawa.

Asalin ajiye dabba don sha'awa halal ne. Malamai sun kafa hujja da hadisin Buhari da Muslim game da Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun wasa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai kuwa hana shi ba. Amma halascin nan yana tare da hakki a kan mai sayarwa da mai saye.

Mai sayarwa wajibi ne ya bayyana iyakar girman da kifin zai kai, da yawan ruwa da abincin da zai bukata. Hadisin Hakim ɗan Hizam ya nuna cewa albarkar ciniki tana cikin gaskiya da bayani, ƙarya da ɓoyewa kuwa suna shafe ta. Wanda ya ce kifi ba ya wuce girman akwatinsa ya yi algushu, domin kifin da aka ƙuntata tsumburewa yake yi, ya yi ciwo, ya mutu tun kwanansa bai kai ko'ina ba.

Mai saye kuma ya wajaba ya yi tambaya kafin ya biya kuɗi. Ran da ya tsare, ci da lafiyarsa sun hau wuyansa. Ya isa wa'azi labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba.

Amma fa zuba baƙon kifi a kogi ba mafita ba ce. A jihar Fulorida ta Amurka, wani tarwaɗa mai sulke da masu kiwon ado suka saki ya yaɗu, yana haƙa ramuka a gaɓar ruwa har tana zaizayewa. Shari'a kuwa ta hana cuta da cutarwa. Wanda kifinsa ya fi ƙarfinsa sai ya mayar wa mai kanti, ko ya miƙa wa mai wadataccen wuri. Wanda ya san ba shi da halin riƙo, barin sayen tun farko shi ne tsoron Allah.

Allah Shi ne Mafi sani.