Darasin Lafiyar Mata: Zaɓen Kayan Motsa Jiki Da Suka Dace Da Jiki Kuma Suke Da Ƙarko

Wannan darasi na mata da 'yan mata ne, amma magidanta ma su saurara, domin sau da yawa su ne ke zuwa kasuwa. Wadda ta iya karatu ta karanta wa maƙwabciyarta.

Me ya sa ake wannan magana yanzu?

Iyalai da yawa sun baro gida da kayan jikinsu kawai. Wasu sun fito tun rikicin jihar Nil Azraƙ, wato Bulu Nayil, na watan Yulin 2022. Wasu sun fito bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, musamman da faɗa ya isa Wad Madani a Disamban 2023, da Sinja a ƙarshen Yunin 2024. Mai tufa biyu ko uku ba ta da kuɗin da za ta sayi abin da zai yage cikin wata guda.

Jiki kuwa yana neman motsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri, ya kuma yi abin da ke ƙarfafa tsoka kwana 2 a mako. Minti 30 a rana, kwana 5, sun cika 150. Motsa jiki yana taimaka wa mai hawan jini da mai ciwon sukari, yana rage damuwa, yana kawo barci. Miƙe gaɓoɓi tare da jan numfashi a hankali, irin wanda ya samo asali daga Indiya da sunan yoga, yana sassauta ciwon baya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe masa ranar 21 ga Yuni tun 2014. Ba ya buƙatar komai sai tabarma da tufar da ba ta ɗaure jiki.

Aikin yau da kullum ma motsi ne. Jarka mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne. Iyali mai mutum 6, idan kowa zai samu lita 15 a rana, suna buƙatar lita 90, kusan jarka 5 ke nan. Don haka ki nemi tufa ɗaya da za ta yi miki ɗibar ruwa, da tafiya, da miƙe jiki. Abu uku za ki duba: yadi, da awo, da ɗinki.

Na farko: yadi

Mutanen Jazira ba baƙin auduga ba ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, Hausawan ƙauyukan Jazira da na Mai Wurno suna cikin masu noma ta da tsintar ta. Wannan sani yana da amfani a kasuwa.

Auduga tana shan gumi, tana barin iska ta shiga, ba ta cika sa ƙaiƙayi ba. Aibinta shi ne jinkirin bushewa, musamman da damina. Yadin dammur da ake saƙawa a Sudan auduga ne, yana da ƙarfi, yana yin wando mai kyau. Ki jiƙa shi ya bushe kafin a yanka, domin auduga tana tsukewa a wankin farko.

Foliyesta da nailan suna bushewa da wuri, ba sa saurin yagewa, amma suna riƙe warin gumi. Babban haɗarinsu wuta ce: suna narkewa su manne a fata. Kada ki zauna gaban murhu ko gawayi da su a jikinki, kada kuma ki sa wa yarinya mai taya ki girki.

Yadin da aka haɗa da zaren roba yana miƙewa ya koma. Takardar da ke wuyan riga tana nuna haɗin, misali auduga kashi 95, roba kashi 5. Irin wannan ya dace da wandon ciki da rigar ciki.

Idan babu takarda, ki zare zare ɗaya daga cikin kalmasa ki ƙona shi a waje, nesa da tanti da yara. Auduga tana warin takarda mai ƙuna, ta bar toka mai laushi. Foliyesta yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri kamar tsakuwa.

Sannan ki ɗaga yadin ki kalli rana ta cikinsa, ki ja shi kaɗan. Idan kin ga yatsunki sarai, zai nuna jiki idan kin sunkuya, kuma ba zai daɗe ba. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, launi mai haske ya fi sanyi a rana. Wandon ciki kuwa gara mai duhu, saboda kwanakin al'ada.

Na biyu: awo

Kada ki dogara da harafin girma da ke jikin takarda, domin kowane kamfani da awonsa, kayan gwanjo kuma daga ƙasashe daban-daban suke. Kafin ki tafi kasuwa, ki ɗauki igiya ki auna ƙugu, da kwankwaso inda ya fi faɗi, da ƙirji, da tsawon ƙafa daga ƙugu zuwa idon sawu. Ki ƙulla alama a kowane awo. A kasuwa ki shimfiɗa tufar, ki ninka igiyar biyu ki gwada faɗinta. Idan maigida ko ɗanki za ki aika, ki ba shi igiyar. Ki sake awo duk bayan 'yan watanni, domin jiki yana sauyawa da ciki, da shayarwa, da rashin lafiya.

Idan kin sa tufar, ki yi gwaji huɗu a cikin ɗaki:

1. Ɗaga hannu biyu sama. Kada rigar ta buɗe ciki, kada hammata ta ɗaure.
2. Sunkuya ki taɓa gwiwa. Kada baya ya fito, kada wuyan riga ya rufto.
3. Tsugunna har ƙasa. Kada wando ya ja a hantsa ko ya zame daga ƙugu.
4. Sa yatsa biyu ƙarƙashin robar ƙugu. Idan ba su shiga ba, ya matse.

Tufa mai matsewa tana goge fata a cinya da hammata da ƙarƙashin nono, gumi ya taru, ƙuraje da ƙaiƙayi su biyo baya. Wadda ta yi yawa kuma tana harɗe ƙafa. Abin da ya fi dacewa shi ne wando mai sakin jiki da ya tsaya a idon sawu, da riga mai dogon hannu da ta sauko gwiwa. A hanya ki yafa tobinki ko hijabi kamar kullum. Idan kin shiga wurin da aka keɓe wa mata, sai ki ajiye shi, domin tobi mai tsawon mita huɗu da wani abu yana kwancewa wajen sunkuyo. Ɗankwali na auduga da aka ɗaure ta baya ya isa. Ki cire allurar hijabi kafin ki fara.

Rigar nono ita ce aka fi yin kuskure a kanta. Ɗaurin da ke zagaye ƙirji shi ke ɗaukar nauyi, ba igiyar kafaɗa ba. Ya zauna daidai, kada ya hau sama ta baya. Ki zaɓi mai faɗin igiya, marar ƙarfe a ƙasa. Mai shayarwa ta guji mai matsewa, domin matsi yana iya toshe hanyar nono. Ta shayar da jariri kafin ta fara motsi. Mai ciki ta sa wando mai zariya, ta ɗaure shi ƙarƙashin ciki, ta kuma tambayi ungozomar asibiti irin motsin da ya dace da ita.

Na uku: ɗinki

Ki juya tufar ciki waje. Ki kama ɗinkin ta gefe biyu ki ja. Idan ya buɗe har kin ga haske tsakanin zare, ki ajiye. Ki duba hantsa, da hammata, da tsakanin cinyoyi, nan tufa ke fara mutuwa. A kayan gwanjo, ki ja robar ƙugu ki saurara: idan ta yi ƙara kamar busasshen ganye ko ba ta koma ba, ta mutu.

Wando mai zariya ya fi mai roba daɗewa, domin zariya ba ta saki, kuma za ki iya sauya ta da kanki. Idan tela zai ɗinka miki, ki ce ya yi ƙubaka mai faɗi, ya sa ƙyalle mai kusurwa huɗu a hantsa, ya bi ɗinkin sau biyu, ya kuma bar rarar yadi a ciki don buɗawa nan gaba. Ki karɓi guntayen da suka rage saboda faci. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Wando ɗaya mai ƙarko ya fi uku masu yagewa.

Takalmi ma haka. Silifas, wato safinja, yana tsinkewa a laka mai danƙo ta damina, yana kuma sa santsi ga mai ɗauke da jarka. Don tafiya ki nemi mai maɗauri ta bayan dunduniya, ki bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi. Mai ciwon sukari kada ta yi tafiya ba takalmi, ta kuma duba ƙafarta kullum.

Kula da kayan

Kayan gwanjo da na rabo, a wanke su da ruwan zafi da sabulu kafin a sa. Inda cunkoso ya yi yawa, ƙazuwa da kwarkwata suna bin tufa. Idan babu ruwan zafi, a ɗaure kayan cikin leda a ajiye mako biyu, sannan a wanke.

Bayan wannan wankin na farko, ruwan sanyi ya isa. Zafi da ruwan kulorin mai ƙarfi suna kashe zaren roba, don haka kada ki jiƙa irin waɗannan kaya a ciki. Ki shanya su a juye, ki kwashe da zarar sun bushe. Kada ki kwana da tufar da ta jiƙe da gumi, kada ki sa kamfai da ɗanshinsa. Ƙaramar ɓaraka a ɗinke ta ranar da aka gan ta. Idan ƙuraje ko ƙaiƙayi sun wuce 'yan kwanaki, ko sun kama wasu a gidan, a je asibitin sansani.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa ba a zama gaban wuta da foliyesta?
2. Waɗanne gwaji huɗu ake yi wa tufa?
3. Ina tufa ke fara yagewa, kuma me za a gaya wa tela?

Aikin wannan mako: kowace mace ta yi igiyar awonta, ta gwada tufafin da take da su, ta ware wadda ta ci gwajin. Mai buƙatar kayan tsaftar mata ko mai son sanin lokacin taron motsa jiki ta tambayi ma'aikaciyar wurin mata ko shugabar mata ta unguwarta.

Allah ya ba mu lafiya, ya maida kowa gidansa cikin aminci.