Masu Bin Sawun Guba: Sana'ar da 'Ya'yanmu Za Su Iya Koya

Ya kai mai karatu, ko kana da rumfa a Kasuwar Kongo, ko kana jigilar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Duwala zuwa New Bell, da ke uwa mai auna wa yaro maganin tari da cokali, wannan darasi naku ne. Ta bakin kogin Wuri kayan Kamaru da na Cadi da na Afirka ta Tsakiya suke shigowa: shinkafa, magunguna, man shafawa, maganin ƙwari, fenti. Mafi yawansu lafiyayyu ne. Amma idan guba ta ɓuya a cikin ɗaya, idon ɗan kasuwa ba ya ganinta, hancin mai saye ba ya jin ta. Akwai mutanen da aikinsu shi ne gano ta, su nuna ɓarnar da ta yi a jiki. Ƙasashenmu suna da ƙarancinsu, kuma babu abin da ya hana ɗanka ko 'yarka zama ɗaya daga cikinsu.

Mene ne wannan ilimi?

Kowace guba tana da gaɓar da ta fi yi wa illa, kuma tana barin alama. Masanin ɓarnar guba yakan karɓi ɗan yanki na hanta ko ƙoda ko huhu. A ɗakin gwaji a jiƙa yankin cikin ruwan fomalin don kada ya ruɓe, a daskarar da shi cikin kaki, a yanka shi siriri fiye da silin gashi, a rina shi da launi biyu, sa'an nan a ɗora a ƙarƙashin madubin likita. A nan masanin zai karanta abin da ya faru: waɗanne ƙwayoyin halitta suka mutu, a wane sashe, kuma ko ɓarnar sabuwa ce ko ta daɗe. Idan ya haɗa wannan da sakamakon gwajin jini da na abin da aka ci ko aka sha, sai a san mai laifi.

Iyaye da yawa sukan ɗauka aikin yankan gawa ne kawai. A haƙiƙa yawancin abin da ake dubawa daga marasa lafiya masu rai ake ɗiba, ko daga dabbobi, domin a ceci mai rai.

Me ya sa muke bukatarsu?

A shekarar 2023 yara ƙanana sun mutu a yankin Fundong, a Arewa maso Yammacin Kamaru, bayan shan maganin tari mai suna Naturcold. A watan Yuli na wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an samu sinadarin dayetilin gilaikol a cikin maganin har kashi 28.6 cikin ɗari, alhali abin da aka yarda da shi bai wuce kashi 0.1 ba. Wannan sinadari yana da zaƙi, shi ya sa yaro ba ya ƙin sa, amma yana kashe ƙananan bututun ƙoda har fitsari ya tsaya. Shi ne ya kashe yara 84 a Nijeriya ta hanyar maganin haƙori na My Pikin daga ƙarshen 2008, kuma irinsa ne ya kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022.

A jihar Zamfara, a 2010, yara sun yi ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan da ake niƙa duwatsun zinariya cikin gidaje. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Gwajin jini ne ya nuna gubar dalma, wadda a ƙarshe ta kashe yara kimanin 400. A Abijan kuwa, a 2006, an zubar da dagwalon jirgin ruwan Probo Koala a cikin gari, dubban mutane suka cika asibitoci. Wannan izina ce ga duk garin da ke da tashar jiragen ruwa.

Akwai kuma gubar da ke zaune a rumbunanmu. Gyaɗa da masarar da aka ajiye da danshi sukan yi fumfuna mai fitar da gubar afulatoksin, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Tana cin hanta sannu a hankali, tana jawo sankara, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B. Damunar Duwala mai tsawo tana taimaka wa wannan fumfuna ƙwarai.

A duk waɗannan masifu, kowace rana da aka yi ba a gano sanadi ba, rayuka ake ƙara rasawa. Gwanin da ke kusa ya fi wanda sai an aika masa samfuri ƙetaren teku.

Hanyoyi huɗu na shiga

Ta farko ita ce likitancin mutane. Bayan bakaloriya ta kimiyya, ɗalibi zai ci jarrabawar gasa ta ƙasa, ya yi shekara bakwai a tsangayar likitanci, kamar ta Jami'ar Duwala ko ta Yawunde ta Ɗaya. Daga nan ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa a binciken tsokar jiki.

Ta biyu ita ce likitancin dabbobi, kuma a duniya yawancin ƙwararrun wannan fanni ta nan suka biyo. Dalili shi ne, kafin a ba ɗan Adam sabon magani, sai an gwada shi a kan dabbobi, an duba gaɓoɓinsu ɗaya bayan ɗaya. Ana koyar da wannan karatu a Jami'ar Ngaundare, da makarantar likitocin dabbobi ta Dakar, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ɗan gidan da ke fataucin shanu ko sana'ar fawa ya riga ya san bambancin lafiyayyar hanta da mai ciwo. Makaranta za ta koya masa dalilin.

Ta uku ita ce ilimin harhaɗa magunguna ko na sinadarai, ga mai son ya zama wanda ke auna abin da ke cikin kwalba ko buhu.

Ta huɗu ita ce ta ma'aikacin ɗakin gwaji, karatun kimanin shekara uku bayan bakaloriya. Shi ne ke yanka, ya rina, ya kula da na'urori, kuma ba tare da shi ba babu abin da babban likita zai gani. Wannan hanya ta fi gajarta, ta fi sauƙin kuɗi, kuma mai himma yakan ci gaba da karatu yana kan aiki.

Ina ake samun aiki?

A Duwala akwai ɗakunan gwaji na Asibitin Laquintinie da Babban Asibiti, da na masu zaman kansu, da mayankar SODEPA ta Bonendale, inda ake duba nama kafin ya isa kasuwa. A Yawunde akwai LANACOME mai gwada ingancin magunguna, da Cibiyar Pasteur. A Garwa akwai LANAVET, ɗakin gwajin dabbobi na ƙasa. Hukumar ANOR tana tsara ƙa'idojin ingancin kaya, masu fitar da koko da kofi kuma suna bukatar shaidar gwaji kafin a karɓi kayansu a waje. A Nijeriya akwai hukumar NAFDAC da cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos.

Wajibi ne a faɗi gaskiya: karatun yana da tsawo, guraben gwamnati kaɗan ne, kuma manyan ayyukan gwada sababbin magunguna suna a kamfanonin Turai da Amurka da Indiya. Wanda ke neman ribar gaggawa ba nan zai same ta ba. Amma ilimi ne da ba ya tsayawa a kan iyaka, domin ƙodar ɗan Garwa da ta ɗan Kano iri ɗaya ce a ƙarƙashin madubi. Yaron da ya iya Faransanci da Turanci, ga Hausa ko Fulatanci, yana da abin da baƙon masani ba shi da shi: zai iya zama da uwa a tsakar gida ta gaya masa abin da aka ba yaro.

Abin da ya rage gare ku

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan yaro yana son lissafi da ilimin halittu, a bar shi ya zaɓi ajin kimiyya a sakandare, kada a cire shi don tsaron rumfa a shekarar jarrabawa. 'Ya mace ma haka; aikin yana son natsuwa da kaifin ido, kuma mata suna yin sa a ko'ina. A tambayi shugaban makaranta lokacin jarrabawar gasa tun da wuri, a fara adashi da sunan karatun.

Kafin 'ya'yanmu su kai can, ku ne mataimakan masu binciken. Idan yaro ya sha magani ya fara amai, ko fitsarinsa ya ragu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar da kwalinta. Kada a jefar, domin lambar da ke jikinta ce za ta sa a janye sauran daga kasuwa. A sayi magani a kantin da ke da lasisi. Hatsin da ya yi fumfuna kada a sayar, kada a ba dabba. Allah ya tsare mana zuri'a, ya sa albarka a karatunsu.