Baƙon Ƙwaro a Lambu

Ya kai mai lambu, in ka tarar da ƙwaron da ba ka sani ba bisa shukarka, kada ka yi garajen kashe shi. Ba kowane ƙwaro ne maɓarnaci ba. Waɗansu barorinka ne, suna yi maka aiki, ba ka biyansu ko anini.

Da fari, kada ka kama shi da hannu. Akwai wani dogo, baƙi, mai ratsin ja ko rawaya, mai cin furen wake da na kuɓewa. In aka matse shi, ruwan jikinsa ya kan sa fata ta yi bororo. Sai ka tura baƙon cikin kwalba da tsinke, ka dube shi a natse.

Ƙirga ƙafafunsa. In shida ne, bayansa kuwa yana da murfi biyu masu tauri da suka haɗu a tsakiya, to, dangin buzuzu ne. Fikafikan da ya ke tashi da su suna naɗe ƙarƙashin murfin.

Sa'an nan ka duba ganyen da ka same shi a kai, gama abincin ƙwaro shi ke tona asirinsa.

Ga misali. Akwai ƙwari iri biyu masu kama da juna. Kowanne kamar 'yar ƙwarya a kife ya ke, girmansa bai kai ƙwayar wake ba.

Na fari jikinsa sumul, yana ƙyalli, ja ko rawaya haɗe da baƙi. Inda darɓa ta taru, nan za ka same shi, don ita ce abincinsa. Guda ɗaya ya kan cinye darɓa kamar 50 a yini. Tsutsarsa doguwa ce, mai duhun jiki, mai saurin tafiya, ita ma darɓa ta ke ci. Wannan abokinka ne, ƙyale shi.

Na biyu launinsa jan ƙasa, da ɗigo baƙi 12. Ba ya ƙyalli, domin akwai gashi ƙanana a bayansa. A kan kabewa da kankana da guna ya ke zama. Ya kan kankare ganye ya bar jijiyoyi kamar raga, har ganyen ya bushe. Tsutsarsa rawaya ce, mai ƙayoyi. Wannan ɓarawo ne. Ka kakkaɓe shi cikin ruwan sabulu da sassafe, tun bai yi kuzari ba.

Kada ka raina taimakon na farin. A ƙasar Kalifoniya ta Amurka, wani ƙwaro mai tsotso ya tasam ma hallaka gonakin lemo. A shekarar 1888 aka kawo wani ɗan'uwan abokin nan naka daga Ostareliya, aka sake shi cikin gonaki. Kafin shekara biyu ya ci ƙarfin ɓarnar.

Wanda ya yi feshin magani ba tare da dubawa ba, ya kan kashe ɓarawo da mai gadi gaba ɗaya. Darɓa kuwa ta fi mai gadin saurin haihuwa, sai ta komo ta sami lambu ba mai tsaro. In ƙwaron ya shige maka duhu, kai shi wurin malamin gona, tare da ganyen da ka same shi a kai. Hausawa sun ce, kama da Wane ba ta Wane.