Kafin Ka Ɗaura Kaya Zuwa Kaikai: Gargaɗi Ga Sabon Mai Bishara

Ɗana, an turo ka ƙauyukan Kaikai, tsakanin Kusada da Kankiya, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne, sai 'yan gidajen masu bi da ragowar Maguzawa jefi-jefi. Ga sharuɗɗa, kuma ba na neman ra'ayinka a kansu.

Kada ka shiga gari ta bayan gida. Ka fara da mai unguwa, shi ya kai ka wurin magaji, ka faɗi sunanka da aikinka ba tare da kwana-kwana ba. A 1900 Bishop Tugwell da Dokta Miller suka doshi Kano ba da iznin kowa ba, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Wanda ya ɓoye aikinsa a ranar farko, duk abin da ya faɗa daga baya za a sa masa alamar tambaya.

Ka koyi gaisuwa kafin wa'azi. Tuɓe takalmi, ka rusuna wa dattijo, ka tambayi gajiya da iyali da ruwa, kada ka yi sauri. Iyakarka zaure. Cikin gida na matarka ne, in an gayyace ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da Alessandro Valignano ya isa Japan a 1579, ya tarar shugaban 'yan mishan na can, Francisco Cabral, yana raina Japanawa da abincinsu da harshensu. Valignano ya sauke shi, ya tilasta wa limamai koyon harshen, da tsabtar jiki irin ta mutanen ƙasar, har ya sa a keɓe wurin shan shayi a gidajen mishan domin a karɓi baƙo yadda aka saba karɓarsa. In Bature ya iya durƙusawa a kan tabarmar Japan, kai ɗan ƙasa ba ka da uzuri.

Kada ka taɓa abin bautar kowa. A nan zan daɗe, domin nan ne zafin ƙuruciya ke kashe aiki. A ƙasar Omura ta Japan, wajen 1574, aka rushe wuraren ibadar Budda da na Shinto da sunan sabon addini, aka yi wa dubban talakawa baftisma saboda ubangidansu ya karɓa. An yi murna, an aika rahoto Turai. A 1587 Hideyoshi, mai mulkin Japan, ya ba da umarnin korar 'yan mishan, kuma rushe-rushen nan na cikin laifin da ya lissafa. A 1597 aka gicciye mutum 26 a Nagasaki, a 1614 aka haramta addinin baki ɗaya. To, Bamaguje in ya tuba, shi zai san yadda zai yi da tsafin gidansa, da hannunsa, a lokacinsa. Kai ba ka fasa tukunya, ba ka sare itace, ba ka yi wa 'yan bori dariya. Addinin Musulunci kuwa, Annabinsu da Alƙur'aninsu, ko da wasa kada bakinka ya yi kusa da aibata su. Kada ka juya lasifika wajen masallaci. Kada ka ci abinci a bakin hanya da azumi. Ranar Salla ka je barka, in an kawo tuwo ka karɓa da hannu biyu.

Kada ka sayi mutum. Wasu sarakunan kudancin Japan sun karɓi baftisma ne domin jiragen fataken Fotugal su riƙa tsayawa a gaɓarsu da siliki da kayan yaƙi. Da iska ta juya, da yawa suka juya. Taki, magani, rijiyar burtsatse, kuɗin makaranta: in za ka bayar, ka ba mabuƙaci, ko ya zo sujada ko bai zo ba. Abin da ya buɗe wa 'yan mishan na SIM ƙofa a ƙasar Katsina jinyar kutare ce a Babbar Ruga, zamanin Sarki Dikko, kuma wanke gyambo ne ya sa aka saurare su.

Kada ka ja yaron wani ba da sanin ubansa ba. Mace ma haka, ba da sanin mijinta ko waliyyinta ba. Babu ƙarin bayani.

Kada ka yanke mai bi daga danginsa. Ya ci gaba da zuwa gayya da suna da ta'aziyya, ya riƙe babbar rigarsa da hularsa da sunan da uwarsa ta sani. Littafi Mai Tsarki yana cikin Hausa tun 1932, kuma tun 2023 Katolika ke da bishop Bahaushe a Katsina, Gerald Mamman Musa, mutumin Malumfashi. Saboda haka wa'azi da Turanci a ƙarƙashin darbejiya burga ce kawai. (Kwat ɗin nan ma ka bar shi a akwati, zafin Afrilu zai yi maka hukunci.)

Ka yi noma. Nemi aron gona, ka shuka gero da dawa kamar kowa, kada ka kira taro ana tsakar noman farko. Mutumin da ba a taɓa gani da fartanya ba, manomi ba ya ɗaukar maganarsa da nauyi.

Kada ka sa baki a rikicin sarauta, ko na gona, ko na jam'iyya. Karɓar mulkin Nagasaki da 'yan mishan suka yi a 1580 ya ƙara sa masu mulki zargin cewa ƙasa suke nema.

Kada ka ɗora hoton kowa a Facebook domin masu ba da tallafi su gani. Kai za a iya yi maka canji gobe, shi kuwa a garin zai kwana, ga kuma halin tsaro da yankin ke ciki. In shugabanni sun nemi adadi, ka rubuta na gaskiya, ko da mutum biyu ne a shekara.