BURODIN GYAƊA: YADDA AKE GASA SHI A GIDA

Manoma 'yan'uwa na Birnin Kudu da Gwaram, wannan takarda taku ce tare da matan gida. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Kowa ya san aikin gyaɗa a gidajenmu: mai, ƙuli-ƙuli, kunu da miya. Sauran kuwa sai a ɗauka a kai kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu da kaka, lokacin da kowa ke sayarwa, farashi kuma yana ƙasa. To, akwai wani abin da za a ƙara a kan waɗannan, wato burodin gyaɗa. Ba ya bukatar yis, ba ya bukatar ƙwai, ba a jiran ƙulli ya tashi. Dalili kuwa shi ne kusan rabin ƙwayar gyaɗa mai ne, kashi ɗaya cikin huɗu kuma abincin gina jiki ne. Yaron da ya ci yanka biyu da koko kafin ya tafi makaranta, ya fi wanda ya sha koko kawai.

A FARA DA TSINCE GYAƊA

Nan ne babban aiki yake, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci. Al'adarmu ita ce mu tsince mai kyau mu kai kasuwa, mu bar wa gida wadda ta yamushe, da fasasshiya, da ta roro. Wannan baibai ne. A cikin irin wannan gyaɗa ce funfuna take zama, ita kuwa funfunar tana haifar da wata guba da masana ke kira aflatoksin. An gano ta ne bayan da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila a shekarar 1960, saboda an ba su abincin da aka haɗa da dusar gyaɗa daga Barazil. A jikin mutum tana cin hanta a hankali, har ta kai ga ciwon daji, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B. Likitoci sun kuma danganta ta da tsumburewar yara.

Ku lura da kyau: wuta ba ta gama da wannan guba. Ko an soya, ko an gasa, ko an tafasa, akwai sauranta a ciki. Ba ta da wari, sau da yawa ma ba a jin ta a baki. Saboda haka kada wata ta ce ai zafin tukunya zai gyara.

A baza ƙwayar a faifai da rana tsaka, inda ido ke gani sosai. A fitar da duk wadda ta yi baƙi, ko kore, ko ta yamushe, ko gara ta huda. Bayan an soya an murje ɓawon, a sake dubawa, domin a lokacin ne tabon da ke ɓoye a ciki yake fitowa. Abin da aka tsince a haƙa rami a binne. Kada a watsa wa kaji, kada a ba saniya ko akuyar tatsa, gama gubar tana bin nono ta dawo wa yara.

Maigida, kai ma da naka aikin tun daga gona. Funfuna ta fi kama gyaɗar da ruwa ya ɗauke mata tana cikin ƙwaya, da wadda aka bari ta daɗe a ƙasa bayan ta nuna. Shi ya sa muke ba da shawarar iri mai saurin nuna, kamar SAMNUT 24 na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. A shanya a kan tamfol ko tabarma har sai ƙwaya ta yi ƙara a cikin ɓawo in an girgiza. Yayyafa wa gyaɗa ruwa don ta yi sauƙin ɓarewa, a bar shi. Akwai kuma Aflasafe, maganin da cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar, ana watsa kilo 10 a hekta. Ku nemi malamin gona na JARDA ya nuna muku lokacin sawa.

KAYAN HAƊI

Ma'auninmu ƙaramin gwangwanin madarar ruwa ne, wanda ba gidan da babu shi. A auna fulawa gwangwani 3, markaɗaɗɗiyar gyaɗa gwangwani 1, sukari rabin gwangwani, madara ko nono mai ruwa-ruwa gwangwani 2, bekin foda ƙaramin cokali 4, gishiri rabin ƙaramin cokali. Bekin foda shi ne farin garin nan da masu kek ke sawa. Wasu kan so su maye gurbinsa da kanwa. Ban ba da wannan shawara ba, don ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne, in ta yi yawa sai burodi ya yi bauri.

In tunkuza ce a hannu, wato an riga an matse mai, a ƙara man gyaɗa babban cokali 2. In fulawa ta yi tsada, ana iya cire gwangwani 1 a sa garin dawa ko na gero mai laushi. Kada a wuce haka, domin dawa da gero ba su da danƙon alkama, burodin zai riƙa rugurgujewa.

YADDA AKE YI

A fara da wuta. A zuba yashi mai tsabta kamar kaurin yatsa uku a babbar tukunya, a rufe, a ɗora a garwashi ya yi zafi. Kafin nan a tankaɗe fulawa, a haɗa ta da sukari da gishiri da bekin foda. A wani kwano a dama gyaɗar da madara har ta saki, ba gudaji. Sai a juye a kan garin a juya da muciya har garin ya ɓace, a tsaya. Ba tuwo ake tuƙawa ba. Yawan bugu shi ke sa burodin nan tauri. Kuma da an haɗa a gasa, domin bekin foda yana fara aiki ne da ya taɓa ruwa.

A shafa mai a kwanon gashi, a zuba ƙullin ya wuce rabi kaɗan. A ɗora a kan yashin, a rufe tukunya, a zuba garwashi kaɗan a kan murfi. Wuta a hankali ake so, don gyaɗa da sukari suna saurin ƙonewa. Babban kwano yakan ɗauki minti 50 zuwa 60. Ƙananan gwangwanaye, irin na kifi da aka wanke sarai, minti 25 ya isa. A soka tsinke mai tsabta a tsakiya; in ya fito ba ƙulli a jikinsa, ya gasu.

A bari ya huce kafin a yanka, kuma kada a sa shi a leda da ɗuminsa, sai ya yi gumi ya lalace. Da zafi a cinye shi cikin kwana 2, da hunturu yakan kai 4. Yaron da gyaɗa ke sa wa ƙuraje, ko kumburin leɓe, ko sarƙewar numfashi, kada a ba shi ko kaɗan. In ya ci bisa kuskure a kai shi asibiti nan da nan.