Darasi na 18: Ƙanena da ciwon shawara

An haifi ƙanena ran Talata da asuba a likitar ƙauyenmu. Kashegari Inna ta dawo gida da shi, suka shiga ɗaki. Kun dai san ɗakin mai jego: taga a rufe, labule a sake, ga hayaƙin turare. Ko da rana tsaka sai an kunna fitila.

Kwana biyu na farko jinjirin yana shan nono. Ran Juma'a sai ya fara ƙi. Ya kama, ya tsotsa sau biyu, ya saki, ya yi barci. Kaka ta ce: «Yaron kirki ne, ba shi da rigima.» Inna ba ta ce kome ba, amma na ga hankalinta bai kwanta ba.

Ran Asabar da safe ungozomar likita ta biyo duba su. Ta ce mini:

– Ƴata, ɗaga labulen nan.

Ta kawo jinjirin bakin ƙofa, wurin haske. Farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa! Ta danna goshinsa da yatsa, ta ɗaga, wurin ma ruwan ɗorawa ne. Ta dubi dasashinsa, da cikinsa, da tafin ƙafarsa.

– Shawara ce. Ta sauko har ƙafa, kuma ba ya shan nono. Yau ɗin nan za ku kai shi asibitin Maraɗi.

– Haba ƴar nan, ko suna ba a yi ba! in ji Kaka. A shanya shi a hantsi, a ba shi jiƙo.

– A'a, Iya. Rana tana ƙona fatar jinjiri, tana busar da ruwan jikinsa. Jiƙo kuwa cika masa ciki zai yi, ya hana shi nono.

Baba bai tsaya gardama ba. Ya fita neman mota.

Ran Lahadi na bi Baba muka je ganinsu. Na iske ƙanena kwance a ɗan ƙaramin gado, daga shi sai ƙyallen ƙugu. An rufe masa idanu. A bisansa akwai fitila mai shuɗin haske. Wani siririn bututu ya shiga ta hancinsa. Sai na fashe da kuka.

Malamar asibiti ta dafa ni, ta ce:

– Kada ki ji tsoro. Zauna in yi miki bayani.

Ga abin da na koya. Cikin jininmu akwai jajayen ƙwayoyi. In sun tsufa sai su fashe, su bar wani datti mai launin ɗorawa, sunansa bilirubin. Hanta ce ke tace shi, ya fita tare da kashi. To, jinjiri yana zuwa duniya da ƙwayoyin jini masu yawa, hantarsa kuma ba ta yi ƙwari ba. Shi ya sa dattin ke taruwa, ya rina ido da fata. Cikin jarirai 10, wajen 6 suna yin shawara a makon farko. Ga mafi yawansu tana wucewa da kanta kafin mako biyu. Amma in ta fito tun ranar haihuwa, ko ta kai tafin hannu da na ƙafa, ko jinjiri ya daina shan nono, akwai haɗari. Dattin yana iya shiga ƙwaƙwalwa, yaro ya kurmance, ko gaɓoɓinsa su shanye, ko ma ya rasu.

Shuɗin hasken nan yana sauya dattin ta cikin fata, don jiki ya iya fitar da shi. Tun 1958 likitocin Ingila suka fara aiki da shi. Ba ya ƙuna kamar rana, ido kaɗai ake karewa.

– Bututun fa? in ji ni.

– Nonon innarki ne ke bi ta nan. Jinjirin da bai sha ba, ba ya kashi sosai, sai dattin ya zauna. In dattin ya yi yawa kuma, barci ya kama shi, ya kasa sha. Kin gani, kowane yana ƙara wa ɗaya ƙarfi.

Inna tana tatsar nono cikin kofi mai tsabta, ana ba shi duk bayan awa uku, dare da rana. Malamar ta ce jinjiri sabon haihuwa yana bukatar nono aƙalla sau 8 a kwana ɗaya, ko barci yake a tashe shi. Dakashi ma, wanda wasu ke zubarwa, shi ne ke taimakonsa yin kashin farko. Ta kuma hana Baba sa ƙwayoyin kafur cikin akwatin kayan jinjiri, don suna fasa ƙwayoyin jinin wasu yara.

Ran Litinin aka cire bututu, ya sha da kofi. Ran Talata aka yi suna a gida, aka yanka rago, mai sunan kuwa yana Maraɗi! A ranar ce ya kama nono da kansa. Ran Alhamis suka dawo. Tun daga nan, kullum da safe Kaka ce ke fara ɗaga labule, ta kai shi bakin ƙofa ta dubi idonsa.

Kalmomi
shawara: la jaunisse
hanta: le foie
dakashi: le colostrum

Tambayoyi
1. Me ya hana a ga shawarar da wuri?
2. Don me ungozoma ta ƙi a shanya jinjiri a rana?
3. Yaya rashin shan nono yake ƙara shawara?
4. In an yi haihuwa a gidanku, ina da ina za ku duba a jikin jinjiri?