Karayar Ƙugu Ba Ta Jiran Maɗori

Duk shekara idan girbin dawa da riɗi ya kama, mu ma'aikatan sashen gaggawa a Sinnar mun san irin baƙin da za mu yi. Tarakta ta taka ɗan ƙwadago a gona, lori ya kife a hanyar Sinja, karo, wato amalanke, ya juye ya danne yaro, ko katangar laka da ta sha ruwan damina ta rufta wa mutum. A cikin waɗannan, wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda aka kawo jikinsa babu jini, amma ya kasa motsa ƙugunsa.

Akwai wani matashi daga ƙauyukanmu na bakin kogi, kudu da Mai Wurno, da ba na mantawa da shi. Ya faɗo daga bayan tarakta da hantsi, taya ta bi ta kan ƙugunsa. Aka ɗaga shi aka ce ya gwada takawa, aka ba shi ruwa, aka aika a kira maɗori. Sai da la'asar, da ya fara sambatu, aka nemi mota. Mahaifinsa ya riƙe hannuna ya ce, "Likita, ai ko ɗigon jini bai fita ba." Na ce, "Baba, tun safe yake fita, a ciki yake zuba." Mun yi iyakar ƙoƙarinmu, amma kafin isha'i rai ya yi halinsa. Allah Ya jiƙansa. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma an umarce mu da neman magani, shi ya sa nake wannan rubutu.

Ƙashin ƙugu zobe ne, an gina shi kamar ƙwarya, kuma cikinsa cike yake da jijiyoyin jini. Idan ya fashe ya buɗe, jijiyoyin sukan yage, shi kansa ƙashin yana tsiyayar da jini, kuma gurbin da ke ciki yana ƙara faɗi. Jinin babban mutum gaba ɗaya kusan lita 5 ne, wannan gurbi kuwa yana iya shanye lita 3 ko fiye ba tare da ido ya gani ba. Akasarin zubar daga jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya take, waɗanda ba su da ƙarfin turi sosai. Saboda haka idan aka matse ƙwaryar ta koma ta rufe, aka hana ta motsi, jinin yakan samu damar daskarewa. Duk girgiza kuma tana farfasa abin da ya fara daskarewa.

Ku lura da alamomi: zafi mai tsanani a ƙugu, mara ko matsematsi, ƙafa ɗaya ta gajarce ko ta juya waje, jini a bakin mafitsara, zufa mai sanyi, tafin hannu da cikin ido sun yi fari, zuciya na bugawa da sauri, ƙishirwa, da ruɗewa. Matashi mai ƙarfi yana iya yin hira da ku alhali ya riga ya rasa jini mai yawa. Kada hirarsa ta ruɗe ku.

Ga abin da za ku yi, kuma kayan aikin yana kowane gida. A ɗauki tob, wato dogon mayafin mace, ko zanin gado, ko rawani, a ninke shi ya yi faɗin taƙi guda. A zura shi a hankali ta ƙarƙashin gwiwoyi, a ja shi sama ba tare da an mirgina mutumin ba. A nan ne mutane da yawa suke kuskure: ba a inda ake ɗaure tazuge ake sa shi ba. Ku shafa gefen cinya daga sama, za ku ji wani tudun ƙashi daidai da aljihun wando, a saitin gaba. Nan ne wurin. Mutum biyu su ja ta ɓangarori biyu har ya matse sosai, sannan a ƙulle. A haɗa gwiwoyi da idon sawu a ɗaure su da ƙyalle, yatsun ƙafa na kallon sama.

Kada a tsayar da shi ko a zaunar da shi, kada a danna ƙugun don a ji ko ya karye, kada a ja ƙafar. Angarib, wato gadon igiya, yana lotsawa a tsakiya, don haka a ɗora shi a kan ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako. A lulluɓe shi ko da ana zafi, domin jikin da ya yi sanyi jininsa ba ya daskarewa da kyau. Kada a ba shi ruwa ko shayi, wataƙila tiyata ce ke jiransa. Kada kuma a kwance ɗaurin a hanya.

Sai a yi sauri. Akwai allura mai suna turaneksamik asid da ke taimaka wa jini ya tsaya. Binciken CRASH-2, wanda aka wallafa a 2010 bayan an gwada ta a kan mutum fiye da 20,000 a ƙasashe 40, ya nuna tana rage mace-mace, kuma nazarin da ya biyo baya ya nuna dole a yi ta cikin awa 3 da jin rauni. A asibiti mukan ƙara jini, mu kafe ƙashin da ƙarfe ta waje, wani lokaci mu shiga tiyata mu cusa ƙyallayen tiyata su danne inda ke zuba. Tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasarmu a Afrilun 2023, jini a ma'ajiya ya yi wuya, don haka ku cika motar da samari masu lafiya da za su ba da nasu.

Ina girmama maɗoranmu, waɗanda maƙwabtanmu ke kira basir, kuma na san amanar da jama'a suka ba su. Roƙona gare su shi ne, idan raunin a ƙugu yake, su zama na farko da za su ce a tafi asibiti. Ku kuma limamai, masu unguwanni da direbobin tarakta, daga Mai Wurno har Suki da Dindir, ku tara matasa bayan sallar Juma'a, ku ɗauko tob guda, kowa ya gwada ɗaurin nan a jikin ɗan'uwansa har hannunsa ya gane wurin, tun kafin girbi ya kama.